Ladi Kwali: Maginiyar da ta yi wa tukunya ado har duniya ta waiwayo

Duk ma'aikacin da ya taɓa karɓar canji a motar haya tsakanin Nyanya da Sakatariyar Tarayya ya riƙe hoton wannan mata a tafin hannunsa, ko da bai tsaya ya dube ta ba. A gaban koriyar takardar Naira 20 akwai fuskar Janar Murtala Ramat Muhammed. Idan aka juya bayanta, sai a ga wata mace da ɗankwali a ka, ta duƙufa a kan tukunya, hankalinta duk yana kan abin da hannuwanta ke yi. Ita ce Dokta Hadiza Ladi Kwali, maginiyar tukwane kuma gwanar zane, wadda aka haifa a Kwali wajajen 1925, ta kuma rasu a Minna ranar 12 ga Agustan 1984. Akwai hotunan wasu mata a kuɗin Nijeriya, kamar 'yan matan Fulani masu ƙwaryar nono da ke bayan Naira 10, amma Ladi kaɗai ce macen da aka sanya hotonta tare da sunanta.

Ladi ba ta yi karatun boko ba. Abin da ya kai ta wannan matsayi shi ne zanen da take yi a jikin randa da tulu: kadangare, hawainiya, kunama, kifi da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa, kewaye da layuka masu tsari kamar saƙar zane. Tarihinta labari ne na wata sana'ar mata ta ƙauye da ta shiga aikin gwamnati, ta haɗu da fasahar Turai, ta fito ba tare da ta rasa kamanninta ba.

Ƙasar da ta haife ta

Kwali gari ne da ke kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, bayan an wuce Gwagwalada. Yana cikin ƙasar mutanen da Hausawa suka daɗe suna kira Gwari, waɗanda a yau da yawansu suka fi son a kira su da sunayen da suke kiran kansu, wato Gbagyi da Gbari. Ƙasarsu ta shimfiɗu daga Birnin Gwari zuwa Kuta, Bosso da Paiko, ta haɗa da mafi yawan yankin da ya zama Babban Birnin Tarayya. Ita kanta Minna mazaunin Gbagyi ce tun kafin layin dogo ya iso a farkon ƙarni na 20 ya jawo baƙi daga ko'ina, kuma sunan unguwar Ƙetaren Gwari yana nan yana tuna wa mai wucewa su wane ne aka tarar a wurin.

A wannan ƙasa ginin tukwane aikin mata ne. Yarinya kan taso ta ga uwa ko inna tana haƙo yumɓu, tana jiƙa shi, tana kirɓawa har ya yi laushi, ita ma ta fara da ƙananan kasake kafin a bar ta ta taɓa babbar randa. Ladi ta koyi sana'ar tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Sunanta na rana ne, domin Ladi ake kiran macen da aka haifa ran Lahadi, sannan aka jingina ta da garinsu kamar yadda aka saba.

Yadda matan Gbagyi ke gini ya bambanta da abin da mutum zai zata. Tukunyar ba ta juyawa, maginiyar ce ke juyawa. Za ta ɗora curin yumɓu a kan wani abin tallafi, ta nutsa dunƙulen hannunta a tsakiya, ta riƙa jan gefen zuwa sama tana zagaya shi a sunkuye. Daga nan ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa ɗaya bisa ɗaya, tana shafewa ciki da waje, har cikin randar ya buɗe, kafaɗa ta tsuke, baki ya fito. Babu ma'auni sai ido da tafin hannu. Duk da haka randunan Ladi kan fito daidai wa daida ta kowane ɓangare, da bango siriri wanda bai fi ƙarfin mai ɗauka ba.

Sana'a mai bin yanayi

Aikin maginiya yana tafiya ne da shekarar manomi. Akasari da rani ake gini, lokacin da aka kammala girbi, iska ta bushe, ciyawa da kirare suka wadata. A fili ake toya tukwanen: a jera su, a lulluɓe da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta, cikin ɗan lokaci su gasu. Tun suna da zafi ake yayyafa musu makuba, ruwan da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wanda ke ba su duhun launi da ɗan sheƙi.

Darajar randa kuwa da bazara take fitowa. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya kai matuƙa, hadari yana haɗuwa yana watsewa, ana duban gabas ana jiran ruwan fari, babu abin da ya kai moɗar ruwan randa daɗi. Dalilin sanyin a fili yake: yumɓun da aka toya da ƙaramar wuta yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi, busarwar ta tafi da zafin.

Wanda ya san wannan lokaci na shekara zai gane halittun da ke jikin tukwanen Ladi. Su ne waɗanda ke cika gari da daji idan ruwan fari ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, sabuwar ciyawa ta ɓullo: kadangare a kan katanga, kunama da ta baro raminta, hawainiya a reshe, maciji a kunya, kifi da kada a rafin da ya fara kawo ruwa. Abin da masu zanen Turai ke nunawa da furanni idan sanyin hunturu ya wuce, Ladi ta nuna shi da waɗannan halittu masu motsi, domin a ƙasarta da su ake gane cewa duniya ta farfaɗo.

Yadda take yi wa tukunya kwalliya

Harshen Hausa ya riga ya ba tukunya jikin mutum: tana da baki, da wuya, da kafaɗa, da ciki, da gindi. Ladi ta ɗauki wannan jiki ta yi masa ado yadda ake yi wa amarya. A wuya da kafaɗa takan zagaya da layuka kamar tsakiya ko jigida, ta hanyar mirgina ɗan guntun igiya da aka tufka, ko ɗan itace mai tsage-tsage, a kan yumɓun tun yana da danshi. Cikin randar kuma takan raba shi gida-gida da layuka masu saukowa, kamar yadda ƙyallayen saƙi ke haɗuwa su zama zane guda. A kowane gida sai ta zana halitta ɗaya da bakin ƙaramar wuƙa, ta cike jikinta da ƙananan layuka masu gicciye juna.

Ba ta zana dabba kamar hoton kyamara. Takan shimfiɗa kadangare kamar ana kallonsa daga sama, ƙafafu huɗu a buɗe, wutsiya ta lanƙwasa don ta cika gurbin da aka ba ta. Kifinta kan yi faɗi ko ya tsuke gwargwadon inda cikin randar ya kumbura. Wannan shi ne wahalar aikin: shimfiɗar da ake zanen a kanta ba takarda ba ce, kumburarren jiki ne, kuma idan wuƙa ta ratsa yumɓu babu gogewa. Ba ta fara fitar da zanen a wani wuri kafin ta kwafa. Kai tsaye take yi, tana zagaya tukunyar, ta dawo inda ta faro ba tare da wani gida ya matse wani ba.

Daga fadar Sarki zuwa aikin gwamnati

Tun kafin wani Bature ya san da ita, sunan Ladi ya zaga ƙasar Abuja ta wancan lokaci, wato garin da a yau ake kira Suleja. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne kuma mai son adana kayan tarihi. Ya mallaki tukwanenta da dama ya ajiye a gidansa don ado.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko wani maginin tukwane ɗan Ingila mai suna Michael Cardew domin ya binciki yadda za a inganta sana'ar a Nijeriya. Cardew almajirin Bernard Leach ne, wanda ake ɗauka jagoran masu ginin tukwane na hannu a Ingila, kuma ya riga ya yi shekaru yana wannan aiki a ƙasar da ta zama Ghana. A rangadin da ya yi ne ya ga randunan Ladi a gidan Sarki, suka kama hankalinsa. Ya ba da shawarar a kafa cibiyar horarwa a Abuja saboda tana da yumɓu mai kyau, da itace, da ruwa, ga kuma goyon bayan Sarki. Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta fara aiki a 1952 a ƙarƙashin sashen kasuwanci da masana'antu.

Manufar gwamnati ita ce a horar da samari su riƙa yin faranti, kofuna da butocin shayi masu ƙarko domin gidajen ma'aikata da sauran masu ɗan hali, a rage dogaro da na waje. Ɗaliban farko duk maza ne. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko a cikinta. Daga ranar ta zama ma'aikaciya mai albashi da lokacin shiga da na tashi, abin da maginiyar ƙauye ba ta saba da shi ba.

A can ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta koyi haɗa ruwan ƙyalli da ake shafa wa tukunya, wanda ke narkewa a wuta ya zama kamar gilashi, ta kuma koyi aiki da rufaffiyar matoya da zafinta ke haura digiri 1,200. Ta ƙware wajen yin kwanuka, kofuna da tukwanen miya masu murfi, tana buga musu hatiminta mai haruffa biyu, LK. A kan irin waɗannan kaya takan shafa farar ƙasa a bisa jikin mai duhu, sannan ta ɗauki ƙayar beguwa ta tsaga zanenta, duhun ƙasan ya leƙo ta cikin farin.

Nan ne launi ya shigo aikinta. Tukunyar ƙauye ja ce ko baƙa-baƙa. A cibiyar kuwa ruwan ƙyalli ya kawo tsanwa mai duhu kamar ganyen da ya sha ruwa, da ruwan zuma, da shuɗi-shuɗi mai hazo, da baƙi mai sheƙi. Idan ruwan ya kwanta a cikin tsagin da wuƙa ta yi, sai ya fi kauri a wurin, launin ya ƙara zurfi, kadangaren ya fito kamar ana hango shi a ƙarƙashin ruwa.

Abin da aka samu da abin da aka rasa

Cardew ya ga cewa babbar baiwar Ladi tana cikin randar da take ginawa da hannu, don haka ya ƙarfafa mata gwiwa ta ci gaba da ita, amma da yumɓun cibiyar mai jure babbar wuta. Waɗannan randuna su ne suka yi suna a duniya. Siffarsu da zanensu na Gbagyi ne, yumɓu da ƙyalli da wuta kuma na sabuwar fasaha.

Sai dai sauyin ya zo da farashinsa. Randar da aka toya da babbar wuta aka lulluɓe ta da ƙyalli ba ta tsattsafo, don haka ba ta sanyaya ruwa. Ta kuma yi nauyin da macen Gbagyi ba za ta saɓa a kafaɗa zuwa rafi ba, kuɗinta ya fi ƙarfin wadda aka san ta da amfani da ita. Randa ta tashi daga gindin bishiya a tsakar gida ta koma falon manya da gidajen adana kayan tarihi. Masana tarihin fasaha sun daɗe suna muhawara a kan wannan: wasu na ganin an ɗaukaka sana'ar, wasu na ganin an raba ta da masu ita, an kuma jingina nasarar da Baturen da ya tarar da gwanar ta riga ta ƙware.

Abin da ba a jayayya a kai shi ne Ladi ba ta shiga cibiyar hannu rabbana ba. Koyarwar ta tafi ta ɓangarori biyu, domin siffofin tukwanen Gbagyi sun shiga aikin shi kansa Cardew. Shigarta kuma ta buɗe wa wasu mata ƙofa: Halima Audu, Asibi Ido, Kande Ushafa da Lami Toto duk sun biyo bayanta. An keɓe musu wani ɗakin aiki da aka riƙa kira Ɗakin Gwari, inda suke gina manyan randuna da hannu yadda suka gada.

Fita duniya

An nuna kayan cibiyar Abuja a gidan baje kolin Berkeley da ke Landan a 1958, 1959 da 1962, kuma tukwanen Ladi ne suka fi jan ido. A 1960 aikinta ya shiga cikin abubuwan da aka baje a Legas domin bikin samun 'yancin kai. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da Faransa da Jamus, tana gini a gaban jama'a. Masu kallo da suka saba ganin magini zaune a gaban faifai sai ga mace da zane da ɗankwali tana zagaya curin yumɓu, kafin su ankara babbar randa ta tsaya da kanta. Ba ta bukatar tafinta a wannan fage, hannunta ya isa bayani. Da ta dawo gida, yawan labarin abin da ta gano ya sa abokan aikinta suka laƙaba mata Rediyo Abuja.

A 1972 ta yi rangadin Amurka tare da Cardew da Kofi Athey, magini ɗan Ghana da ya daɗe yana aiki a cibiyar, inda suka zaga jami'o'i da kwalejoji da dama. A 1974 wata matashiya 'yar Kenya mai karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja ta koyi ginin hannu a wurinta da sauran matan cibiyar. Odundo ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu wannan fasaha a duniya, kuma har yau ana ganin tasirin abin da ta koya a Abuja a cikin aikinta.

Lambobin girma sun biyo baya. A 1963 ta samu lambar MBE ta Birtaniya. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dokta. A 1980 Gwamnatin Tarayya ta ba ta NNOM, lambar da ake bai wa waɗanda suka yi zarra a ilimi da fasaha, wadda Chinua Achebe ya fara karɓa shekara guda kafin nan. A 1981 aka ƙara mata da OON.

Shekarun ƙarshe

Ladi ta ga ƙasar da take aiki a cikinta tana sauya suna da iyaka. Cardew ya yi ritaya a 1965, Michael O'Brien ya karɓi ragamar cibiyar. A Fabrairun 1976 gwamnatin Murtala ta ƙirƙiro Jihar Neja mai hedikwata a Minna, ta kuma yanke shawarar gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa. Sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya fara daraja aikinta. Garin haihuwarta ya faɗa cikin Babban Birnin Tarayya, wurin aikinta ya zauna a Jihar Neja. Mutumin da ke gaban Naira 20 shi ne ya zana wannan iyaka, matar da ke bayanta kuma tana da gida a kowane ɓangarenta.

A farkon shekarun 1980 aka sauya wa cibiyar Suleja suna zuwa nata. Cardew ya rasu a 1983, ita kuma ta bi bayansa shekara guda bayan haka a Minna, a tsakiyar damina, tana da shekaru kusan 59. Ba ta ga ranar 12 ga Disambar 1991 ba, lokacin da kujerar mulki ta taso daga Legas ta sauka a ƙasar kakanninta.

Abin da ya rage a hannunmu

Sunanta bai ɓace ba. Akwai titin Ladi Kwali a Abuja, akwai babban zauren taro mai sunanta a otal ɗin da aka daɗe ana kira Sheraton, inda ma'aikatu ke yawan shirya tarurruka. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya fitar da sabuwar Naira 20 ta leda mai ɗauke da hotonta. Ranar 16 ga Maris 2022 kamfanin Google ya karrama ta da zane a shafinsa na farko, kuma a wannan shekarar aka yi wani baje koli a Landan da ya ɗauke ta a matsayin tushen da mata baƙaƙe masu aikin yumɓu suka taso daga gare shi. Tukwanenta suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, da gidan tarihin fasahar Afirka na Smithsonian a Washington, da Jami'ar Aberystwyth a yankin Wales.

A gida kuwa lamarin yana da ban tausayi. Cibiyar Suleja ta daɗe da barin ƙarfin da aka san ta da shi. Roba da firji sun kori randa daga gidaje da yawa, 'yan matan da za su gaji sana'ar suna raguwa, kuma ɗalibin Minna ko Kwali da ke son ganin fitattun ayyukan Ladi da idonsa zai fi samun su a Turai da Amurka. Ita kanta takardar da ke ɗauke da hoton maginiyar randa, a wurare da dama yau ba ta sayen ledar ruwa guda.

Ga masu riƙe da fayil da alƙalami a ma'aikatun tarayya, akwai abin lura a wannan tarihi. Baiwar Ladi daga Allah take, horonta daga matan Kwali, amma hanyar da ta bi zuwa duniya yanke shawarar wasu ma'aikata ce: sarkin da ya sayi aikin talakarsa ya adana, sashen gwamnati da ya ware kuɗi don ƙaramar cibiya a wani gari mai nisa da hedikwata, da jami'in da ya amince a ɗauki macen da ba ta da takardar makaranta. Har yanzu akwai mata a Ushafa da Kwali da ƙauyukan da ke kewayen Minna da ke zagaya curin yumɓu da rani kamar yadda Ladi ta yi. Ko za a sake samun wadda za ta kai inda ta kai ya danganta, a wani ɓangare, ga abin da ake rubutawa a kasafin kuɗi da kundin manhajar makarantu a ofisoshin da ke kan ƙasar da ta haife ta.